Koren Gurbin Kawu

Kawuna ya rasu a shekarar da soja suka karɓi mulki muna cikin azumi. Ya ga ƙaramar sallah, ya je idi da ƙafarsa, bayan kwana tara ya kwanta da zazzaɓi, bai tashi ba. A lokacin an dakatar da jam'iyyu, tutocin da suka cika Tawa shekara da shekaru duk an naɗe an tura ƙarƙashin gado. Muna ɗauke da shi zuwa maƙabarta na duba bakin hanya, ban ga launin kowa a saman kowane shago ba. Na ce a raina, Kawu, ga abin da aka kore ka saboda shi, bai ma kai ka tsawon rai ba.

Mutane sun zo da yawa. Tsofaffin abokan aikinsa suka zauna gefe ɗaya suna ta'aziyya rabi da Hausa rabi da Faransanci. Matan da yake rubuta wa wasiƙa suka cika tsakar gida, wata tana cewa yanzu wa zai gaya wa mijinta da ke ci-rani a Abijan cewa rumbu ya ƙare ba tare da ya kunyata ta ba. Sakatariyar tsohon biro ɗinmu, wato ofishin da muka yi aiki, ta zo, ta zauna kusa da Inna, matar Kawu. Da liman ya ce wanda yake da hakki a kan mamaci ya faɗa ko ya yafe, kowa ya ce babu. Bai tambayi waɗanda mamacin yake da hakki a kansu ba, ni kuma ban ɗaga kai ba.

Ranar sadakar uku, da hantsi, wani tsoho ya shigo rumfa da sanda, rawaninsa ya yi ja da ƙasar hanya. Na gane shi tun kafin ya zauna. Maigarin wani ƙauye ne arewa da Takanamat. Ya yi gaisuwa, aka shafa fatiha, sannan ya ce yana da magana, a yi masa shaida.

Ya ce: "Shekara biyu ke nan na tsaya gaban bawan Allah wanga na ce Allah ya isa tsakanina da shi. Na ji ya riga mu, na biya mota na zo in ɗauke abin da na aza mai. Na yafe. Allah shi gafarta mai abin da ya yi muna."

Rumfa ta ɗauki madalla. Wani ya ce haka dattijon arziki yake. Daga bayan zana, inda mata suke, ba a ji amsa ba. Ni ina tsaye da faifan dabino a hannu, na san abin da aka yafe wa Kawu ba shi ya yi ba. Ni na yi.

Dole in koma baya, don wanda bai san Kawu ba ya san shi.

Yayan mahaifiyata ne. Ya fara aiki yana buga takardu da keken rubutu tun ina goye. Da gemunsa ya yi fari aka kawo ordinater, wato kwamfuta, biro ɗin wani furoje, shirin agaji da ke raba irin shuka ga ƙauyukan da damina ta yi wa gardama. Samari masu takardar lakkol, 'yan boko, suka tsaya nesa da ita, shi ya ɗauki littafinta mai kauri ya tafi da shi gida, ya yi wata huɗu yana bin sa da yatsa. Daga baya shi yake rubuta wa na'urar abin da za ta yi. Ba ya taɓa maɓallanta sai ya wanke hannu. Goronsa yana ajiye shi a bakin taga, ya ce ita ba ta ci, ba za a ci a gabanta ba. Idan ya gama rubuta tsari, sai ya buga shi a doguwar takarda mai huda a gefe, ya shimfiɗa a ƙasa, ya bi layi-layi da jan alƙalami kamar mai duba allon ɗalibi.

Ni karatun zaure na yi. Takardun da ke zuwa daga ƙauyuka limamai ne suke rubuta yawancinsu, da ajami, kuma babu mai karanta su a biro. Kawu ya je ya gaya wa darakta yana da ɗan ƙanwa da zai iya, aka ɗauke ni da kwantiragin wata shida-shida. Yana kirana alaramma idan yana son tsokana, ɗan ƙanwata idan maganar gaske ce.

Ga yadda muke aiki. Sakatariya tana zaune gaban na'ura, ni ina gefenta da takarda. A fuskar na'ura akwai rubutu fari a kan baƙi, wanda ba ya canjawa: sunan gari, yawan gidaje, gonaki, da sauransu. Gaban kowane akwai gurbi, inda ake cikawa. Kawu ya sa kowane gurbi ya zama kore, wanda hannu yake ciki a lokacin kuma ya zama rawaya mai haske. Idon sakatariya ba shi da ƙarfi, tabaraunta ya tsufa. Ba ta karanta fuskar duka, launi take bi. Rawaya ta sauka a gurbi, ta ce, "Gidaje?" in duba takarda in faɗa. Ta ce, "Gonaki?" in faɗa. Na'ura ce ke ja, takarda tana bi. Saboda idonta ne ma Kawu ya zaɓi launukan. Ya yi mako yana gwada mata ja da shuɗi da ruwan hoda, tana cewa wannan yana sa ta hawaye, wannan yana ɓacewa idan rana ta shigo ta taga, har suka tsaya a kore. Wannan tun kafin babban taron ƙasa ne, lokacin ba wanda ya mallaki wani launi.

Wata rana na ce masa abin nan ai mun riga Nasara saninsa: mai rubuta Alƙur'ani yana sa baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da rawaya, don kada mai karatu ya yi tuntuɓe. Ya ji daɗi sosai. Ya jawo ni, ya buɗe tsarin, ya hau can sama, ya nuna mini layi ɗaya gajere, haruffa kaɗan da waƙafi tsakaninsu. Ya ce kashi na farko launin rubutun da ba ya motsi ne, na biyu na gurbin da hannu ke ciki, na ƙarshe na guraben da ke jira. Ya ce ba ya bin gurbi ɗai-ɗai yana shafa masa launi. Sau ɗaya ake faɗi a nan, duk shafin da ya biyo baya ya gada.

Ya ce: "Kamar niyya ce, alaramma. Ka ƙulla ta da kyau a farko, raka'o'i su bi."

Yana da wata magana da yake yawan yi: gurbin da ba a gani ba a cika shi. Idan sakatariya ta yi kuskure ba ya faɗa. Sai ya zauna ya duba shafin, ya ce mai cikawa ba ya kuskure shi kaɗai, wanda ya shirya masa wuri yana da rabonsa.

Sai zamanin jam'iyyu ya zo, kowace ta ɗauki launinta. Mutum ya sa hula ya fita, kafin ya kai kasuwa an san wa zai zaɓa. An yi auren da aka fasa anko saboda launin atamfa. Aka kawo mana sabon darakta, mutum mai fara'a a waje, amma jam'iyyarsa ba ta ga maciji da masu kore. Ban san wa ya kai masa gulma ba. Wata safiya ya tsaya bayan sakatariya ya daɗe, sannan ya tambayi Kawu ko na'urar furoje ta yanki katin jam'iyya ne.

Kawu ya ɗauka wasa ne, ya ce idan kore laifi ne sai a kai damina ƙara. Darakta bai yi dariya ba. Ya ce a canja. Kawu ya yi masa bayani a hankali: launukan da na'urar ke iya shimfiɗawa a bayan rubutu ba su da yawa, kuma a Tawa ta yau kowanne da mai shi. A sa ruwan hoda a ce ga wancan, a sa shuɗi a ce ga wannan. Darakta ya ce to a cire launin gaba ɗaya. Kawu ya ce wannan kam ba zai yi ba, launin aiki yake yi, ba ado ba ne. Suka yi ta yi har muryar darakta ta kai wajen masu gadi. Daga ƙarshe Kawu ya ɗauki goronsa a taga, ya ce idan an sami wanda zai cire, a cire, amma ba da hannunsa ba.

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa ce. Farashin shinkafa da sabulu ya tashi cikin mako ɗaya, ma'aikatan gwamnati suna wata da watanni babu albashi, wanda yake da aikin furoje yana riƙe da shi da haƙora. Matata tana da tsohon ciki, kwantiragina saura kwana goma sha biyu.

Gab da damina aka tura Kawu Tebaram ya duba rumbun iri, tafiyar mako guda. Kwana biyu da tafiyarsa darakta ya kira ni. Ya tambayi lafiyar iyali. Takardar kwantiragina tana kan teburinsa, ya ɗora alƙalami a kai, bai buɗe ba. Ya ce an gaya masa tsoho ya nuna mini inda ake canja abin nan. Ya ce zai tafi azahar, idan ya dawo ba ya son ganin kore.

Na jira sakatariya ta fita alwala. Na hau saman tsarin, na sami layin. Na kwafi kashin farko na zuba a na biyu da na ƙarshe. Bai kai lokacin da ake ɗauka a sha ruwa ba. Na ce wa kaina fari da baƙi ba na kowa ba ne, wa zai cutu?

Da ta dawo ta zauna, ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta ce, "Malam, yau na'urar ta makance." Na ce mata wuta ce ta yi rauni. Gurbin da ba a cika ba ya zama baƙi a kan baƙi, ba abin da ke nuna shi sai ɗan ɗigon da ke ƙiftawa. Takardun ƙauye uku suka rage mana. Ta riƙa tambaya da ka, yadda hannunta ya saba. Amma akwai gurbi ɗaya a kusurwar ƙasa da ba ya buɗewa sai ga garuruwan arewa, inda mutane ke zaune a tungaye nesa da gari, kusa da gonakinsu. Ƙauye na uku yana da tungaye bakwai. Gurbin ya buɗe, ba ta gan shi ba, ta ɗauka shafi ya ƙare, ta danna ta wuce.

Na lura ba ta tambaye ni tungaye ba. Sunayensu suna hannuna, limaminsu ya rubuta su da kyakkyawan hannu. Na ce a raina wataƙila a wani shafi ake tambaya. Wannan ƙarya ce na yi wa kaina. Tsoro nake kada in buɗe baki maganar ta kai mu ga launi. Washegari aka buga jerin masu samun iri, darakta ya sa hannu a kansa, ya sa hannu a kwantiragina, kamiyo, babbar motar da ke kai iri, ya tashi.

Kawu ya dawo ranar Litinin. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kunna. Ya daɗe a tsaye. Bai tambayi wa ya yi ba. Abin da ya tambaya shi ne waɗanne takardu aka shigar ba ya nan. Na ba shi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga gurbin tungaye, ya same shi wayam. Ya shiga wurin darakta ya roƙi a ƙara tura iri, aka ce rumbu ya ƙare, kuma da sabon farashi babu abin sayen wani. Da ya fito ya kira ni, ya hau saman tsarin a gabana, ya mayar da kore da rawaya. Idonsa na kan na'ura ya ce, "Ɗan ƙanwata, layin nan kada kowa ya sake taɓa shi." Darakta ya ga koren ya dawo, bai ƙara cewa uffan ba.

Damina ta yi kyau a shekarar, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gonakin tungaye bakwai suka sha ruwa babu abin da aka binne a cikinsu sai ɗan abin da aka samo roƙo. Mutanen tunga suka ce maigari ya cinye rabonsu. Aka yi masa taro a ƙofar gida, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ya kwashe iyalinsa ya yi kudu bai yi masa sallama ba. Maigarin nan ne ya zo Tawa, ya shigo biro da sandarsa, ya ce a nuna masa wanda ya shafe mutanensa daga takarda.

Darakta ya nuna Kawu, ya ce ga wanda yake gaya wa na'ura abin da za ta yi. Ina tsaye a bakin ƙofa. Sakatariya ta fara kuka tana cewa ita ce ta danna. Kawu ya ɗaga mata hannu.

Ya ce: "Ba ke ba ce. Gurbi ne ya ɓace, gurbi kuwa nawa ne. Maigari, ni na rubuta."

A nan tsohon ya yi masa Allah ya isa, a gaban kowa. Kawu ya sunkuyar da kai ya karɓa. Ƙarshen watan aka ce shekarunsa sun yi yawa, ba a sabunta masa ba. Darakta kuma bai cika shekara ba aka mayar da shi Yamai.

Kawu ya fito da tsohon keken rubutunsa, ya kafa tebur a inuwar itacen bedi kusa da gidan waya, yana rubuta wa mutane wasiƙa da takardun neman aiki. Ko a can bai bar halinsa ba. Yana da koren fensir, duk inda mai takarda zai sa hannu ko ya dangwala yatsa sai ya zagaye masa wurin. Mutanen gari suna wucewa suna nuna shi da baki, wai shi ne ya hana talakawa iri saboda siyasa. Ya ji, bai taɓa amsawa ba. Sunan ɗana na fari shi ya raɗa.

Kowace Juma'a ina zuwa gaishe shi, kowace Juma'a ina zuwa da maganar a bakina in koma da ita. Sau ɗaya na fara. Na ce, Kawu, maganar layin nan. Ya tura mini ƙwaryar fura, ya ce in sha tukuna. Da na sha ya ce shi ya nuna mini ƙofa bai sa mata makulli ba, wannan rabonsa ne, ya ɗauka. Game da aiki kuma, shi 'ya'yansa sun girma, ni nawa ko zama bai fara ba.

Sannan ya ce: "Amma wanda za ka gaya wa ba ya cikin gidan nan. Ka san hanyar Takanamat."

Na san ta. Shekara biyu ban bi ta ba.

To ga shi hanyar ta zo ta same ni a rumfar makoki. Maigari ya ci dabino biyu, ya sha ruwa, ya ce zai koma kafin motar garinsu ta cika. Na raka shi da ido har ya sha kwana. Na ci gaba da zagayawa da faifai. Wani tsohon abokin Kawu ya ce wa na kusa da shi, a hankali, ashe dai maganar nan gaskiya ce, Allah ya rufa asiri. Na ajiye faifan a kan tabarma na fita.

Na same shi a tasha, ya riga ya hau bayan mota, an matse shi tsakanin buhunan gishiri. Saura mutum ɗaya ta tashi. Na kama ƙarfen motar na ce, Baba, ina da magana. Ya ce in faɗa yana ji. Na faɗa, da fasinjoji da ɗan kamasho duk suna saurare. Bai san ordinater ba, don haka na ce masa akwai alamar da Kawu ya sa don kada a tsallake mutanensa, ni na goge ta don a bar ni a aiki, kuma na ga an tsallake su na yi shiru.

Ya dube ni. Ya ce, "Shi ya sani?" Na ce tun ranar da ya dawo. Ya ce, "Ranar da na yi mai baki, kana ina?" Na ce a bakin ƙofa.

Ya miƙo mini sandarsa, ya ce in taimaka masa ya sauka. Direba ya ce kuɗin mota ba ya dawowa, tsoho bai ko waiwaye shi ba. Muka taka har gida, yana gaba ina baya. A rumfa ya ce wa liman a sake yi masa shaida, ya ce da ni in maimaita, kada in rage ko harafi. Na maimaita. Sakatariya ta fito bakin zana tana dubana, wannan duban ya fi mini duk maganar da aka yi daga baya zafi.

Maigari ya matsa kusa da zana, ya durƙusa da ƙyar a kan gwiwoyinsa. Ya ce wa Inna ya zo da safe yana taƙamar yafiya, ashe shi ne mai nema. Muryar Inna ta fito a karo na farko tun rasuwar. Ta ce Malam, mijinta, ya hana ta faɗi, ta riƙe shekara biyu kamar ƙaya a maƙogwaro. Ta ce tun daren ranar ya yafe wa maigari, ya ce mutumin da aka ƙona wa damina yana da ikon yin kuka a kan wanda ya gani.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka masa kabarinsa yadda ya riƙa haskaka wa masu raunin ido wurin sa hannu. Ya sa abin da ya ɗauka ba nasa ba ya zama nauyi a mizaninsa na alheri.

Da tsohon ya miƙe, ya karɓi sandarsa daga hannuna. Na tsaya ina jiran Allah ya isan da na san tawa ce. Ya ce ƙanensa har yau bai dawo ba, kuma sai na je da ƙafata na tsaya gaban mutanen tungaye bakwai na faɗi abin da na faɗa a nan, don su san bai ci rabonsu ba. Na ce zan bi shi a motar gobe. Ya gyaɗa kai.

Ya ce: "Yafiyar nan tun daga gida na ɗauko ta, wanda na kawo ma ita ashe ba tashi ba ce. Ni kuwa ban komawa da kaya. Karɓi."